Haɗin da babu ƙusa: wa zai gaji hannun tsofaffin kafintoci?

Mai Zarto:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan. An kawo mini tsohon akwatin katako in gyara, murfinsa ne ya saki, mai shi ta ce na kakarta ne. Da na juya shi na duba kusurwoyin, ban ga ƙusa ko ɗaya ba. Haƙora aka yanka a bakin kowane allo, masu faɗin kai da tsukakken gindi kamar wutsiyar kurciya, aka cusa su cikin juna. Ko ka ja iya ƙarfinka ba za su rabu ba sai ta fuskar da aka shigar da su. Shekarata 14 ina kafinta, na yaye yara biyar, amma da za a ce in yi irinsa da zarto da cizal kawai, kunya zan sha. Na gwada da guntayen katako da daddare bayan yara sun tashi, har sau uku, duk ukun kana hango haske ta tsakanin haƙoran. Maigidana bai koya mini ba, kuma ina zaton shi ma ba a koya masa ba. To a ina igiyar ta tsinke? Kuma akwai amfanin in ɓata lokacina in koya har in koyar da yarana, ko kuwa abin ya wuce ke nan?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wannan haɗin da ya hana ka barci, injin da kwamfuta ke sarrafawa zai yanka maka ɗari kafin ka gama wasa cizal ɗinka, kuma duk bakinsu ɗaya. Mutanen da sun yi da hannu ne don ba su da zaɓi, ƙusa ma a lokacin maƙeri ke ƙera ta ɗaya bayan ɗaya, tana da tsada. A ɗauki bidiyon tsofaffin da suka rage suna aiki, a adana, a sa akwatunan a gidan tarihi. Shi ke nan an kiyaye. Ba na son mu riƙa ɗora wa yara wahala da sunan gado.

Baba Masassaƙi:
Ɗana Injiniya, na ji ka. Ni tsoho ne, jikata ce take rubuta mini wannan. Ba na faɗa da inji, ni ma na yi aiki da shi, kuma duk wanda ya taɓa tsaga gungume da zarton hannu tun safe har la'asar ba zai zagi inji ba. Amma kun ɗauka haɗin shi ne ilimin. A'a. Haɗin nan ɗana Mai Zarto zai iya shi cikin wata guda in ya dage. Abin da yake mutuwa shi ne sanin katako.

Katako ba ya daina motsi don an sare bishiya. Da damina yana shan laima ya kumbura, da rani ya bushe ya tsuke. Kuma ba ko'ina yake motsi daidai ba. A tsawonsa kusan ba ya motsi, a faɗinsa ne abin yake, kuma allon da aka yanko daga gefen gungume yana motsi kusan ninki biyu na wanda aka yanko ta tsakiya zuwa ɓawo. Shi ya sa na gefen yake lanƙwashewa kamar kwano. To ka ɗauki faffaɗan allo ka yi saman tebur, ka ɗaure shi tam da ƙusa a kan firam ɗin da zarensa ya gitta. Rani na zuwa allon yana son tsukewa, ka hana shi, sai ya tsage da kansa. Mutanen da suka yi ƙofofi da firam a sa allo a tsakiya, ba don ado suka yi ba. Allon a cikin tsagi yake zaune babu gam, yana shiga yana fita yadda ya so, firam ɗin kuma bai san ana yi ba. Inji zai yanka maka duk abin da ka ce. Ba zai ce maka wannan allon ɗanye ne, ajiye shi sai baɗi ba.

Mu an koya mana cewa katakon da aka shanya a inuwa, kowane inci ɗaya na kauri shekara guda yake buƙata. Yanzu wa zai jira?

Maman Hanifa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ba kafinta ba ce, mai saye ce, bari in faɗi nawa. Na sayi kabad mai kyan gani, sumul kamar madubi. Ruwa ya ɗan kwanta a ɗakin kwana ɗaya, gindinsa ya kumbura ya fara zubar da gari. Na kira mai gyara, ya ce Hajiya wannan ba katako ba ne, dusar katako ce aka matse da gam aka liƙa mata takarda mai zanen itace, ba ta gyaruwa. Na yarda araha ba ta ado. Amma ku ma kafintoci ku faɗi gaskiya, in na zo na ce a yi mini na gaske, za a ce in jira wata uku, kuɗin kuma ya ninka sau nawa, sannan ba ni da yadda zan gane ko an yi mini aikin kirki ne ko an rufe ɓarna da fenti. To me zai sa in zo?

Mai Zarto:
Hajiya, wannan tambayar ta fi tawa zafi. Abu ɗaya dai zan ba ki kyauta: duk kayan da za ki saya, ki zaro durowa ki dubi kusurwarta da ƙasanta, ki leƙa bayan kabad ɗin. Fuska kowa yana gyarawa. Inda ido ba ya zuwa nan ake gane ma'aikaci.

Ɗan Koyo:
Iyayena da yayyena, ku gafarce ni zan ɗan yi tsauri. Kullum cewa ake yaran yanzu ba su da haƙuri. Ni shekara biyu na yi a wani shago da ba zan kama suna ba. Shara, ɗauko katako, goge-goge da sanfefa har zanen yatsuna ya shafe, aike gidan maigida. Ranar da za a yi aikin haɗi mai wuya, ranar ake tura ni sayen ƙusa. Da na tambaya me ya sa ake karkatar da zarto haka, aka ce lokacinka bai yi ba. Na bar wurin ban iya wasa cizal ba. Abin da na iya yau, a waya na gani na kwaikwaya. Don haka in an tashi lissafin waɗanda suka kashe sana'a, a sa da masu ɓoye ta. Tsoro suke kada yaro ya iya ya buɗe shago kusa da su, sai su tafi da ilimin kabari, sannan a zo ana kuka.

Baba Masassaƙi:
Jikana, ban ji daɗin abin da aka yi maka ba, kuma ba ƙarya ka yi ba, na san irinsu. Amma ka raba abu biyu. Akwai jinkirin da zalunci ne, akwai wanda darasi ne. Yaron da na sa wasa ƙarfe wata uku ban ba shi katako mai tsada ba, ba mugunta na yi masa ba. Cizal maras kaifi ba yanka yake ba, murƙushewa yake, sai ka danna da ƙarfi, sai ya kufce, ko ya ɓata aiki ko ya shiga tafin hannunka. Bambancin shi ne, ni ina zaune kusa da shi, in karɓa in shafa bakin in ce bayan bai kwanta ba, koma. Wanda ya aike ka sayen ƙusa bai yi wannan ba.

Mai Bin Tarihi:
Ina bin muhawarar tun farko, bari in shigo da abin da wasu ƙasashe suka yi, don maganar Injiniya ta bidiyo da gidan tarihi tana buƙatar amsa.

A Jafan akwai wurin bauta na Ise, ginin katako ne. Duk shekara 20 sai su gina sabo daidai da tsohon a filin da ke gefensa, su kwance tsohon. An fara tun shekara ta 690, an yi na 62 a 2013, na gaba 2033. Mutum zai ce wannan ai ɓarnar katako ce. Amma ku lissafa shekarun. Yaron da ya shiga aikin yana ɗan shekara ashirin a matsayin mai koyo, zagaye na biyu yana da arba'in, shi ne ƙarfin aikin, na uku yana da sittin, shi ke duba na ƙasa da shi. Ko da wace niyya suka fara, abin da tsarin yake haifarwa shi ne, muddin zagayen bai katse ba, ba a rasa wanda ya taɓa yin aikin da hannunsa. Ginin sabo ne kullum, hannun ne tsoho.

Sannan ku dubi Faransa. Cocin Notre-Dame da ke Paris ya kama wuta ranar 15 ga Afrilu 2019, rufinsa na katakon oak, wani itace mai ƙarfi, wanda aka yi tun ƙarni na 13 ya ƙone. Zane-zanen rufin da awonsa duk suna nan a ajiye, wato irin adanar da Injiniya yake so. Amma da aka yanke shawarar mayar da shi yadda yake, sai da aka nemo mutanen da suka iya sassaƙe gungume da gatari ya zama ginshiƙi mai kusurwa huɗu. An same su, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne tun 1997 ake gina wani gidan sarauta mai ganuwa a Guédelon, can Faransa, da kayan aiki da dabarun ƙarni na 13 kaɗai, kafintoci suna koyon sassaƙa a can. Mutane da yawa sun ɗauki wurin a matsayin wasan 'yan yawon buɗe ido. Aka sake buɗe cocin a Disamba 2024.

Injiniya:
Misalan sun yi kyau, amma ka lura dukkansu gine-gine ne da gwamnati ko masu bauta ko masu ba da gudummawa suke zuba wa kuɗi. Mai Zarto kujera da gado yake yi, ba wanda zai ba shi tallafi. Kuma tunda tarihi ake so, ga nawa. Michael Thonet, wani mai ƙera kujeru a Austriya, ya fito da kujerarsa mai lamba 14 a 1859. Turara katako ake da tururi a lanƙwasa shi a cikin ƙarfe, guda shida na katako, sukurori goma, a tura ta a kwance a haɗa a inda ta sauka, guda 36 suna shiga akwati mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya. Kafin 1930 an sayar da kusan miliyan 50. Ba ramin haɗi, ba haƙora, kuma har yau ana zama a kan waɗanda suka haura shekara ɗari. Ke nan inganci ba sai da tsohuwar hanya ba.

Mai Bin Tarihi:
Na karɓi Thonet, amma shi kansa kafintan hannu ne da ya yi koyo a shago, ya shafe shekaru yana gwada lanƙwasa katako kafin ya dace. Wanda bai san zaren itace ba ba zai ƙirƙiro wannan ba. Ga kuma kujerar Hans Wegner ta Denmark mai baya kamar harafin Y, tun 1950 ake yin ta ba a tsaya ba. Inji yana fere sassanta, amma matakan aikin sun haura ɗari kuma yawancinsu da hannu ne, mazauninta ma saƙa shi ake da igiyar takarda wajen mita 120. Kamfanin riba yake ci, ba tallafi ba.

Ni abin da ya fi ba ni sha'awa ma shi ne amsar da wasu suka ba wa kukan Ɗan Koyo. A Jamus, kafintan da aka yaye yana iya fita yawon ƙaro ilimi na shekara uku da kwana ɗaya, kuma a tsawon lokacin ba ya kusantar garinsu da ƙasa da kilomita 50. A Faransa akwai ƙungiyoyin Compagnons, yaro yana zagaya garuruwa yana aiki a ƙarƙashin iyayengiji daban-daban, a ƙarshe ya yi aiki guda na gwaninta a duba kafin a karɓe shi. Hukumar UNESCO ta sa tsarin cikin gadon ɗan Adam a 2010. Kun ga hikimar? In maigida ɗaya ya ɓoye maka abu, na gaba zai nuna maka, kuma mai ɓoyewar ba ya jin tsoron za ka buɗe shago a ƙofarsa.

Malamin Fasaha:
Ni a aji nake koyar da aikin katako, don haka na ga ɓangarorin biyu. Tsohon tsari yana cin lokaci fiye da kima. A Ingila dokar 1563 shekara bakwai ta wajabta wa mai koyo, kuma ba don ilimin yana buƙatar bakwai ba ne kawai, har da don maigida ya mori aikin yaron ya fanshe ciyarwarsa. Makaranta tana gajarta wannan saboda tana jera darasi: awo da jan layi, wasa ƙarfe, miƙar da allo, haɗin rami da harshe (a fere bakin katako ɗaya ya shige ramin da aka huda a ɗayan), sannan haƙora. Otto Salomon a Suwidin ya yi wannan tun shekarun 1870, ya jera ayyuka daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kowanne ya ƙara dabara ɗaya a kan na baya, kuma kowanne abin amfani ne yaro zai kai gida. Har yau yaran Suwidin suna yin darasin aikin hannu a makaranta.

Inda muke faɗuwa kuwa, maimaici. Ɗalibina zai yi haɗin rami da harshe sau biyu ya ci jarrabawa. Yaron shago mai kirki zai yi sau ɗari biyu saboda akwai kujerun da ake jira. Na farko ya san sunan abin da dalilinsa, na biyu hannunsa ya sani ko yana hira. Na taɓa samun ɗalibin da ya fi kowa maki a takarda, da aka ba shi katako mai kulli sai ya tsaya yana kallona.

Maman Hanifa:
Malam, to mata fa? Duk maganarku yaro, yaro. 'Yata tana son aikin nan, duk abin da ya karye a gida ita ke gyarawa.

Malamin Fasaha:
Hajiya, ki kawo ta. Aikin haɗi ba ƙarfi yake so ba, ido da natsuwa yake so. A ajina sau da yawa 'yan matan sun fi tsayawa a kan layi, samarin ne masu gaggawar gamawa.

Baba Masassaƙi:
Ina son in koma kan maganar Hajiya ta farko, don ita ce gindin abin. Sana'a ba ta rayuwa da tausayi, da aiki take rayuwa. In babu mai saye, ko ka koya wa yara dubu za su watse. Amma akwai ƙofar da kuka manta, gyara. Akwatin da aka kawo wa Mai Zarto ya fi kowane bidiyo, domin yana hannunsa, zai ga inda zarto ya bi, inda mai aikin ya kuskure ya toshe. Ni rabin abin da na sani daga kwance aikin matattu na koya. Kuma mutanen da sun yi aikinsu don a gyara. Gam ɗinsu na fata da ƙashi ne, ka sa masa ɗumi da laima ya saki, ka zare ƙafar kujera ka gyara ka mayar. Wasu gam na yanzu in sun kama sai dai katakon ya karye. Mai gyara ba ya rasa aiki, kuma ba ya buƙatar sabon katako mai yawa.

Wannan ma wani ciwon ne. Itacen kirki yana ƙarewa. Madobiya da muka sani, an yi ta sare ta ana lodawa zuwa Sin don kayan ɗaki masu jan katako, har sai da aka sa ta cikin yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, daga 2017. Bishiyar da ta yi shekaru da yawa tana girma, ka yi kujerar da za ta mutu a shekara biyar da ita, ai ka ci amana.

Injiniya:
Baba, a kan gyara na sauko. Inji ba ya gyara tsohon abu, don kowanne da irin lalacewarsa. Amma ban janye maganar bidiyo ba. Ɗan Koyo shaida ne, waya ta ba shi abin da mutum ya hana shi.

Ɗan Koyo:
Ta ba ni, yaya, amma ba duka ba. Na yi wata biyu ina wasa cizal yadda na gani, ina mamakin me ya sa ba ya ci. Wani dattijo ya karɓa ya duba sau ɗaya ya ce ina ɗaga hannu a ƙarshen kowane ja, bakin ya zama kamar bayan cokali. Bidiyon ba ya ganina, ni kaɗai nake ganinsa.

Mai Zarto:
To Baba, tunda kana nan, ga hoton gwajina na uku. Ina na kuskure?

Baba Masassaƙi:
Jikata ta buɗa mini hoton. Abu uku. Da fensir ka ja layi, kaurin fensir kaɗai ya isa ya ba ka wannan hasken, ka ja da bakin wuƙa. Na biyu, a kan layin kake yanka, zarto kuma yana cin nasa rabon, ka sa shi a gefen da za a zubar ka bar layin yana nan. Na uku, ka auna allunan biyu kowanne daban. Kada ka ƙara. Ka yanka wutsiyoyin tukuna, ka ɗora allon a kan bakin ɗayan, ka bi gefensu da wuƙa, shi zai gaya maka inda za ka yanka. Kuma kada ka jira yara su tashi. Ka yi a gabansu, su ga ka ɓata, su ga ka sake.

Mai Zarto:
Baba, na yi na huɗu yau da hantsi, yara uku suna tsaye a kaina. Haƙora huɗu, uku sun shiga da ɗan bugun guduma babu haske, na huɗun ya yi matsi ya tsaga gefen allon. Ƙaramin cikinsu ya ce wai ko don ban rage cikin ba kafin in buga. Na duba, gaskiyarsa. Na ba shi guntayen da suka rage da wuƙar, gobe shi zai ja layi.

Maman Hanifa:
In ya iya, ina son ƙaramin akwati irin wannan. Zan jira wata ukun.

Mai Zarto:
Hajiya, ki ba mu huɗu, katakon da nake da shi bai gama bushewa ba.